A, C ko D? Ga mai son aikin kwamfuta da fasaha, ga yadda ake zaɓen seri a lise

Kowace shekara da zarar sakamakon birebe ya fito sai wayata ta hau ruri, wannan yaya ce, wancan kawu ne, wani ma maƙwabcinmu ne na can Birni da rabona da shi tun sallar layya, kuma maganar dai guda ce, wai yaro ya samu BEPC, wato birebe ɗin, yana son karatun kwamfuta, wace seri zai yi. Ni aikin rezo, wato haɗa kwamfutoci da intanet, da girka sola nake yi nan Damagaram, shi ya sa aka maida ni mai ba da shawara ƙarfi da yaji. To bari in zuba abin da na sani wuri guda, wanda ya sake kira sai in tura masa.

Bara ɗan yayata ne. Uwarsa ta ce min ƙanena wannan yaron fa injiniya ne tun yanzu, duk unguwa shi ke buɗe ma mutane WhatsApp, shi ke cire kod in salula ta kulle. Na ce to madalla yaya, a ba ni biltan ɗinsa in gani. Mat 7 bisa 20. Fizik 8. Na yi shiru.

Abin da nake so kowa ya fara ganewa kenan, iya latsa waya daban, karatun fasaha daban. Wanda ya iya tuƙa kabu-kabu ba shi ne ya ƙera babur ba. Masu rubuta manhajar da kake aika kuɗi da ita ta Nita ko Amana, masu kula da antenan Airtel da Moov da Zamani, masu zama gaban na'urori a matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 can hanyar Tanut, kusan dukansu ta ƙofa guda suka bi, ƙofar lissafi. Ba wai sai ka zama gwanin gwanaye ba, a'a, amma dai kar ya kasance kai da mat kamar wuta da auduga.

Kuma zaɓin nan ba ranar da aka shiga lise ake yinsa ba, tun a turwaziyam ake yinsa, kai tun katiriyam ma. Don bayan birebe hanya biyu ce a lise na gama-gari, segond A ta adabi da harsuna, da segond C ta kimiyya, kuma masu rarraba yara makin da ka tara a shekara suke dubawa, musamman mat da fizik-shimi, tare da abin da ka rubuta kana so. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana turwaziyam yanzu kana karanta wannan to ka ajiye komai ka je ka duba mwayen ɗinka na mat. In 12 ne ko sama, rubuta C ba tare da wata shawara ba. In tsakanin 10 da 12 ne, C ɗin dai, amma ka san bakans ɗinka ba na hutu ba ne. In ƙasa da 10 ne sai a zauna a yi maganar gaskiya, don akwai 8 ta wanda bai gane ba, akwai 8 ta wanda bai zauna ya yi ba, akwai kuma 8 ta wanda kilas ɗinsu ta yi wata uku ba mushen mat, waɗannan ukun ba ɗaya ba ne ko kaɗan, kuma ba wanda zai bambance maka su kamar mushen da ya koyar da kai. Ka je ka same shi da ladabi, ka ce mushe don Allah a ganinka zan iya C? Zuwa da kai ya fi aike. Wannan ma'aunin na 12 da 10 nawa ne fa, ba dokar gwamnati ba ce, abin da idona ya gani ne kawai.

Dalilin da ya sa nake matsa ma yara kan segond C shi ne, wanda ya yi ta in abin ya gagara yana iya komawa A, an sha yi, amma daga A ka ce za ka dawo kimiyya wannan kam da kamar wuya. Ƙofar da ke buɗewa gida biyu ta fi wadda ke buɗewa gida guda, musamman ga yaro ɗan shekara 15 ko 16 da yau yana son zama injiniya gobe ɗan ƙwallo.

To an gama segond C, nan ne babbar gardamar take, piremiyar C ko piremiyar D.

A D abubuwa uku ne ke tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, mat, fizik-shimi da SVT wato ilimin halittu da na ƙasa. A C kuwa mat da fizik ne sarakai, SVT tana nan amma an rage mata nauyi. Mafi yawan yara D suke gudu, kilas ɗin C a lise da yawa in ka leƙa sai ka ƙirga su da yatsu, wani wurin ma babu ita sam sai yaro ya bar garinsu ya zo birni. Kuma abin da ke korar su ba komai ba ne illa labarin fada, wai C ta mahaukata ce, wai duk wanda ya shiga sai kansa ya taɓu, wai ba a samun bak. Ni kaina wannan labarin ne ya kore ni. Ina da 14 a mat a segond, mushenmu har gida ya aiko a faɗa ma baba a bar ni in yi C, amma abokaina duka sun tafi D, ana shan shayi ana ce min kai wa zai yi antirenman, wato bitar darasi a rukuni, da kai, ku huɗu a kilas kamar masu zaman makoki, sai na bi su. Na samu bak ɗina lafiya lau alhamdulillahi, amma shekarar farko bayan bak na ci kwakwa, abin da ƴan C ke warwarewa suna hamma ni sai na kwana a kansa, kuma duk haddar SVT da na sha, ta ƙwayoyin gado da jijiyoyi da duwatsu, har yau ba ta taɓa ɗaura min waya ko guda ba. Ba raina ta nake ba, ga mai son likita ko farmasi ko aikin gona ko ilimin ƙasa da haƙar ma'adinai ita ce uwa.

Saboda haka ga yadda nake raba abin. In zuciyarka na kan rubuta manhaja, tsaron intanet, ƙirƙirarriyar basira, lantarki, sadarwa, kuma mat ba ta ba ka tsoro, to C. A tarminal C ne ake yin aritmetik na gaske, lambobin da ba sa rabuwa da saura da ake samu bayan rabawa, kana yi kana cewa wannan me zai amfane ni, alhali a kan irin wannan lissafin aka gina kulle bayanan da ke hana ɓarawo karanta saƙonka ko taɓa kuɗinka a waya. In kuwa har yanzu kana tsakanin likita da injiniya, ko kana da ƙarfi a SVT kuma mat ɗinka tsaka-tsaki ce, to D ba abin kunya ba ce, da bak D ana shiga anformatik, ana shiga makarantun injiniya, ga ni nan shaida, sai dai ka sani akwai bashin mat da za ka biya daga baya. Abin da ban yarda da shi ba guda ne, mutum ya zaɓi seri don abokansa na can ko don wata yarinya na can.

Wani abu da yara ba sa lura da shi sai ya cije su shi ne kowefisiyan, wato nauyin kowane darasi, lambar da ake ninka makinsa da ita. Bari in ba da misali, lambobin na misali ne, kowa ya nemi na serinsa wajen sansar tun satin farko ya manna a bangon ɗaki. A ce mat kowefisiyan 5 gare ta, ka samu 6, maki 30 kenan alhali 50 ake so don ka tsaya kan 10, ramin maki 20 ka haƙa ma kanka. Wani darasin mai kowefisiyan 2 ka samu 14, rarar maki 8 kacal ya ba ka. Kenan sai ka yi irin wannan ƙoƙarin a darasi uku kafin ka cike ramin darasi guda. Shi ya sa duk wanda ya shiga C da niyyar zai ɓuya bayan tarihi da wasanni yaudarar kansa yake. Kuma kar a tsaya kan neman 10 kawai, mansiyon na da amfani, 12 asebiyan, 14 biyan, 16 tirebiyan, ranar da za a kai dosiye neman bursu a ANAB, hukumar ba da bursu, ko neman gurbi a waje nan ne za ka ga bambancin mai 10 da mai 13.

Akwai hanya ta uku da iyaye ke rainawa ni kuwa ina ganin girmanta, wato lise teknik. Wanda kowa ya sani shi ne na Ɗan Kasawa da ke Maraɗi, tsohuwar makaranta ce da ta fitar da ma'aikata da yawa a ƙasar nan. A irin wannan layin ne ake samun seri E ta lissafi da fasaha, wadda kusan C ce da aka haɗa mata zanen injina da aikin atiliye, sai su F, F1 kanikanci da ƙera ƙarfe, F3 lantarki, F4 gine-gine, su G kuma na ƴan kwantabilite da kasuwanci ne ba namu ba. In yaro irin mai kwance rediyon gida ne ya ga abin da ke ciki, hannunsa na ƙaiƙayi, zaman kilas awa huɗu na gundurarsa, to ku nemi bayanin shiga wajen direktan CEG ɗinsu tun kafin jarrabawa ba bayanta ba. Amma kar a ɗauka gudun mat ne, tana can tana jiransa, sai dai a can yana ganin abin da take yi da idonsa. Ƙasa da wannan kuma akwai su CET, kolejojin fasaha, da CFM da sauran cibiyoyin koyon sana'a masu ba da takardun sana'a na CAP da BEP, ga wanda karatun dogon zango bai karɓe shi ba ko gida ba hali, kuma wallahi na san masu BEP na lantarki da ke riƙe da gidajensu fiye da wasu masu lisans.

Tunda na ambaci gani da ido, ga abin da nake nuna ma masu cewa fizik ba ta da amfani. Wani alhaji ya sayi batir 12 volt mai amfiya 100 a kasuwar Dole, aka haɗa masa, yana ta faɗa wai an cuce shi ba ya kai asuba. Na ce Alhaji a yi haƙuri mu yi lissafi. 12 sau 100, wat-awa 1200 kenan, kuma irin wannan batir na dalma in ana son ya yi ƙarko rabi ake ci, saura 600. Fanka mai wat 60 awa 8, 480. Ƙwan fitila 4 masu wat 10 awa 5, 200. Jimla 680, ba a ma sa tele da cajin wayoyin gidan ba. Batir bai yi laifi ba. Wannan lissafin P daidai da U sau I ne na turwaziyam, wanda yara ke haddacewa daren dabuwar su zubar da safe. A gari irin namu da rana ke dukan mutum tun ƙarfe 9 kuma wuta na zuwa tana tafiya, wanda ya riƙe wannan da kyau ba zai rasa na cefane ba. Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, Abdu Mumuni da aka sa ma jami'ar Yamai sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, malamin fizik ne da ya ƙare rayuwarsa kan binciken makamashin rana tun lokacin da ba wanda ya san wani abu wai shi pano.

Sai darasin da kowa ke wasa da shi a C da D, angile. Ƴan kimiyya sun maida awar turancin Ingila awar barci ko awar gama egzarsis ɗin mat a ɓoye, kuskure ne babba. Kalmomin Python da Java da sauran harsunan rubuta manhaja duka da shi aka rubuta su, in manhaja ta ƙi tafiya da shi take faɗa maka abin da ke damunta, littafin da ke zuwa cikin kwalin inbata ko ruta da shi ne, bidiyoyin koyarwa masu kyau a YouTube mafi yawa da shi ne. Ga Kano nan kusa da mu ta Matamai da Daura, kayan aikinmu da yawa daga can suke shigowa, wasu yaranmu ma can suke ƙarasa karatu. Kuma tun 2025 da aka maida Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi ne aka ajiye a matsayin harsunan aiki, to ka ga ba zancen ado ba ne. Faransancin ma kar a sake shi, rabin yaran da ke faɗuwa a mat ba lissafin ne ya kada su ba, tambayar ce ba su gane ba, kuma duk iya aikinka ranar da aka ce rubuta rahoto ko dabi na kwangila, wato takardar kiyasin kuɗin aiki, in ka kasa wani ne zai ci kuɗin. Filo kam a yi ta don bak, ko da yake tana koya ma mutum jera hujja.

To wanda ya riga ya tsinci kansa a A fa, shi kenan ta ƙare? A'a. Makarantun injiniya dai sun rufe masa ƙofa, wannan gaskiya ce ba zan ɓoye ba. Amma zanen hoto da bidiyo, gina shafukan intanet, tallan kaya ta Facebook da TikTok, kula da shafukan kamfanoni, aikin fassara da tattara bayanan Hausa, duk ba wanda zai tambaye ka serinka, aikinka za a ce ka nuna. Sai dai hanyar ta fi tsawo kuma kai kaɗai za ka bi ta ba mushe ba sirbeyan.

Yana da kyau tun a segond ka san inda kake hari, don shi zai faɗa maka serin. Nan gida akwai Jami'ar André Salifou da aka kafa a 2010, tana da sashen kimiyya da fasaha, ga IUT ɗinta, wato cibiyarta ta fasaha, mai su topogarafi da tsara birane, aikin awon ƙasa kuwa yanzu duk na'ura ne da kwamfuta. Maraɗi, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan ne aka fi sani da lantarki da gine-gine. Yamai akwai Abdu Mumuni, akwai EMIG ta ma'adinai da masana'antu, akwai ESCEP ta sadarwa, akwai IAI ta anformatik. Wasu da konkur ake shiga wasu da dosiye, kuma sharuɗɗan na canzawa, don haka ka nemi wani babban yaya da ke ciki yanzu ya turo maka sanarwar bana ka karanta layin da aka rubuta serin da ake karɓa. Makarantun kuɗi kuma kafin baba ya sayar da rago ko buhunan gero ya biya, a tabbatar gwamnati ta san da diplom ɗinsu, a shiga a ga ɗakin kwamfutar da ido, a ƙirga masu aiki ba waɗanda aka jera don hoto ba.

Kar kuma ka jira lise ta koya maka kwamfutar kanta, a mafi yawan makarantunmu ko babu darasin ko kuma a tablo ake zana maka linzami. Wayar hannunka ta isa farawa. Sauke manhajar Pydroid ka fara Python, aikin farko ka rubuta ɗan shirin da zai lissafa maka mwayen da kowefisiyan, layi goma bai kai ba, kuma ranar da ya yi aiki za ka gane abin da ake nufi da fonksiyon fiye da yadda aka yi ta maimaita maka a kilas. GeoGebra na zana maka kurb ka ga yadda take lanƙwasa. Khan Academy na da darussa da Faransanci kyauta. Forfe na da tsada na sani, a sauke bidiyo lokacin da aka samu konekisiyon mai sauƙi a kalla daga baya, a tura ma juna. Amma awa guda a rana ta isa lokacin karatu, na ga yaron da ya iya gina shafi tsaf ya faɗi bak sau biyu, yanzu ga iyawa ga rashin takarda.

Ƴan mata, ku kam magana ta musamman gare ku. Sau nawa yarinya ce ta ɗaya a mat tun siziyam, ana zuwa lise sai a ce ke A za ki yi ta fi sauƙi, ko D ki zama sajfam, C ta maza ce. Ba a rubuta haka ko'ina ba. Inna, baba, in ƴarku na da kan lissafi ku rage mata tallan yamma da wanke-wanken dare a shekarar jarrabawa, ku bar ta ta je antirenman da ƴan uwanta mata ko a kafa tablon a zauren gidanku inda idonku ke kai, aikin kwamfuta ma ai yana cikin ayyukan da mace ke iya yi daga ɗakinta.

Antirenman ɗin nan shi ne sirrin C da D ba wani abu ba. Mutum huɗu ko biyar, kar su wuce haka in ba so ake ya koma fada ba, tablo guda, alli, tsofaffin sujen bak da birebe, kowa ya tashi ya riƙe alli ba wai gwani guda na yi saura na kwafa ba. A sa mutum guda da ya fi ku a ciki, a sa kuma wanda kuka fi, don wajen yi masa bayani ne za ka gane ko kai ma ka gane.

Shi ɗan yayar tawa da na faɗa, da muka bincika ashe 7 ɗinsa ta rashin zama ce, dare duk a kan waya yake ƙarewa. Muka yi sharaɗi, bakans duka ya maimaita mat ta katiriyam da turwaziyam, wayar na hannun uwarsa daga magariba zuwa safe, ranar asabar ya bi ni wajen aiki yana riƙe min tsani yana karanta min mita. Da ƙyar da roƙo aka ba shi segond C. Dabuwar ɗin farko 8 ya samu ya zo yana cewa kawu ni A zan koma, na ce a bari a ga na biyu. Na biyu 11. Yanzu tablon na jingine a zauren gidansu, kuɗin alli kuma a kaina ya faɗa, kwali guda duk wata.